Layin Dogon Bauchi da Gombe Ba Gadon Bature Ba Ne

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a majalisun hira na Bauchi da Gombe duk lokacin da zancen jirgin ƙasa ya taso, wato wai Turawa sun shimfiɗa mana layin dogo, sun bar mana shi yana aiki, mu kuma muka kashe shi da hannunmu. Ba ni da ja a kan cewa mu muka bari ya mutu. Abin da nake ja a kai shi ne farkon maganar, domin ba haka tarihi ya nuna ba. Kuskuren kuwa ba ƙarami ba ne, tunda shi yake sa mu riƙa roƙon gwamnati ta maido mana da abin da Bature ya bari, alhali abin da Bature ya bari bai taɓa isowa ƙofar gidanmu ba, kuma tun asali ba don mu aka tsara shi ba.

Sojojin Ingila sun shiga Bauchi a 1902, sun yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ba a kuma sauke tutarsu ba sai a 1960. A tsawon waɗannan shekaru kusan sittin an karɓi haraji, an karɓi jangali, an ɗebi leburori, an sayi auduga da fata da ƙirgi a kan farashin da mai saye ya yanka, amma babu ranar da jirgin ƙasa ya yi kuka a garin Bauchi ko a Gombe.

Don a gane dalili, sai an dubi yadda aka shimfiɗa layukan ɗaya bayan ɗaya. An fara aiki daga Legas a 1896, layi ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, hukumar Turawa ta fi son ta sami nata layin daga Baro, a bakin kogin Neja, domin kaya su sauka can a zuba su a jiragen ruwa. Saboda haka a 1907 aka ba Percy Girouard mulkin Arewa, injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa wa rundunar Ingila layin dogo a Sudan. Wato gwamna aka zaɓo saboda aikin dogo. Layin Baro ya isa Kano a 1911, na Legas ya zo ya haɗu da shi a Minna, aka haɗe hukumomin biyu a 1912, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa su kansu. Ba da injuna aka yi wannan aiki ba. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma sarakuna da hakimai aka ɗora wa nauyin kawo mutane daga ƙauyuka, ko suna so ko ba sa so. Abin ya girgiza ƙasar Hausa har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa sukutum, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Abin da aka zo nema a Kano auduga ce. Masu masaƙun Ingila sun kafa kamfanin BCGA a 1902 don su sami inda za su riƙa sayen auduga ba tare da sun dogara da Amurka ba, suka kuma sa rai a kan Arewa. Manoman Kano da fatakensu suka duba lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in shekara ta ƙi ana iya cinta, sai suka cika taragu da gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, daga nan kuma irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara bunƙasa. Wannan ya nuna cewa mutanenmu ba zama suka yi kawai ana yi musu yadda aka ga dama ba, sun karɓi abin da aka kawo sun juya shi gwargwadon ikonsu. Amma juyawar tana da iyaka, domin ba su ne suke zaɓar inda layi zai bi ba.

A gabas, an gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka kafa garin Fatakwal takanas don fitar da shi, layi ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Daga baya aka miƙo shi arewa ta Makurɗi da Kafanchan har Kaduna, aka yi reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya ratsa Funtuwa da Gusau, an gama shi a 1929 saboda auduga da gyaɗa, na Kano zuwa Nguru kuma a 1930 saboda gyaɗa da dabbobi. Daga nan sai aka ajiye diga. Kusan shekara talatin ba a sake fara wani babban layi ba. A ranar da aka ba mu mulkin kai, layin da ke aiki a duk Nijeriya bai cika kilomita 3,000 ba, a ƙasar da ta kusa ninka Birtaniya sau huɗu a faɗi, alhali ita Birtaniya a lokacin ganiyar jiragenta tana da fiye da kilomita 30,000.

Duk wanda ya shimfiɗa wannan taswira a gabansa zai ga siffa ɗaya. Kowane layi ya faro ne daga inda ake tono ko noman wani abu da Ingila take so, ya ƙare a bakin teku. Aikinsa irin na indararo ne, ya tattara ruwan da ya sauka a kan soro ya zubar da shi waje. Babu layin da ya haɗa Kano da Maiduguri, duk da daɗaɗɗiyar hanyar fatauci da ke tsakanin Kano da Borno. Babu wanda ya je Sakkwato, babu wanda ya je birnin Katsina, babu wanda ya je Yola. Haka abin yake a maƙwabta. Faransawa sun ja layi daga Kwatano suka tsaya a Parakou, ba su kai shi Nijar ba, har Nijar ta sami 'yanci ba ta da layin dogo ko na taku ɗaya. Faɗin layinsu mita ɗaya ne, na Ingilishi a nan ƙafa 3 da inci 6, don haka ko da layukan sun haɗu a kan iyaka, taragon wannan ba zai hau na wancan ba. Kowa tasharsa ta bakin teku yake yi wa aiki.

Babu misalin da ya fi fito da wannan a fili kamar ƙaramin layin nan da aka laƙaba wa sunan Bauchi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suna haƙar kuza suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Da kamfanonin Ingila suka gano inda take fitowa, sai suka yi wa tsaunukan Jos rubdugu, a lokacin kuwa Jos tana cikin Lardin Bauchi, domin sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan alaro su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai. Masu kamfanoni suka matsa wa gwamnati lamba, aka shimfiɗa musu siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya, ya bi ta Rahama ya hau Jos, ya tsaya a Bukuru a 1914. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 230. Da yake faɗinsa bai yi daidai da na babban layi ba, duk buhun kuzar da ya zo Zariya sai an sauke shi an sake lodawa a wani tarago. Da reshen Kafanchan ya iso Jos, sai kuza ta koma bin hanyar Fatakwal, ƙaramin layin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafansa.

A lura da wannan da kyau. Tsakanin Jos da garin Bauchi tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka. Dogo ya iso Jos tun kafin yaƙin duniya na farko ya yi nisa, amma sai da aka shafe kusan shekara hamsin kafin ya ƙarasa wannan 'yar tazara zuwa hedikwatar lardin da ya ba shi suna. Ba wai an manta da Bauchi ba ne, domin a lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan kuza na Malaya, an tuna da lardunan Arewa sarai, aka yi ta ɗibar talakawa ana kai su aikin tilas a ramukan kuza daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Ƙarfin mutanenmu yana da amfani a wurin masu mulki, amma tafiyarsu da cinikinsu ba su kai a kashe musu kuɗin ƙarfe ba.

Layin da muke kuka a kansa yau daban ne. An fara shi a 1958 daga Kuru, kudu da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni ya isa Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. Da shi ne jimillar layin ƙasar ta kai kilomita 3,505. Gaskiya ne cewa lokacin da aka sari ƙasar farko tutar Ingila tana sama, kuma kamfanin waje ne ya yi kwangilar. Amma a wannan lokaci 'yan ƙasa sun riga sun karɓi ma'aikatu, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma kuɗin aikin ba daga baitulmalin Ingila ya fito ba. Bashi ne na dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, bashi na farko da bankin ya taɓa ba Nijeriya, kuma Nijeriya ce ta biya. A ra'ayina, layin ya zo ne a daidai lokacin da mutanen da suka san cewa akwai jama'a a gabas da Jos suka sami wurin zama a teburin da ake yanke shawara. Saboda haka in an ce gado ne, to gadon iyayenmu ne na Jamhuriya ta Farko, kuma wannan ya sa zafin lalacewarsa ya fi tsanani.

Duk da haka, ba zan ɓoye ba cewa shi ma wannan layi a kan tsohuwar taswira aka ɗora shi. Audugar Gombe da Kumo ta bunƙasa a shekarun 1950, har yau akwai unguwa a Gombe da ake kira BCGA saboda injin gurzar da aka kafa a wurin, Borno kuma tana da gyaɗa da shanu. Manufar ita ce waɗannan kaya su gangara teku. Mutumin Gombe da yake son zuwa Kano a jirgi sai ya bi ta Bauchi, ya hau Kuru, ya gangara Kafanchan, ya juyo Kaduna, ya wuce Zariya, sannan ya isa, tafiyar da ta kusa ninka ta mota. Kano kuwa ita ce kasuwarmu tun kaka da kakanni. Azare da Misau da Fataskum da Yola duk suka zauna a gefe.

Sannan layin bai sami sararin tsayawa da ƙafafunsa ba. Shekara biyu da buɗe shi aka yi rikicin 1966, ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka bar Arewa, shekara ta gaba yaƙin basasa ya ɓarke ya datse hanyar Fatakwal har 1970. Bayan yaƙi kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta karkata ga titunan mota, gyaɗa da auduga suka ja baya, aka bar kawunan jirage suna tsufa babu kayan gyara. A 1964 jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma cikin shekara goma adadin ya faɗi ƙasa da rabi. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe harkar na ɗan lokaci, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa ɓangaren Buni zuwa Maiduguri.

Wanda ya taka layin yau a bayan gari zai ga abin da ya rage. Ciyawa ta rufe ƙarafa, a wasu wuraren zaizayar ƙasa ta kwashe abin da ke ƙarƙashinsu sun rage suna reto a sama, taragu sun yi tsatsa har yara suna wasan ɓuya a ciki, mata suna shanya barkono a kan dakalin da fasinjoji suke jiran jirgi. Wani dattijo da ya yi aikin duba layi a ƙuruciyarsa ya taɓa nuna mini yadda suke yi, a tafi a ƙafa da guduma mai dogon ƙota ana ƙwanƙwasa mahaɗar ƙarafa, daga amon kawai a gane inda ƙusa ta saki. Na ce masa, "Baba, yanzu wa yake wannan aiki?" Sai ya nuna mini wani wuri da aka kwance ƙarfe guda aka tafi da shi, ramukan ƙusoshin suna nan a jere, ya ce masu zuwa da guduma yanzu da dare suke zuwa. Wannan ɓarna ba Bature ya yi ta ba, ba kuma daga Abuja aka zo aka yi ta ba. Wanda ya yanka ƙarfen ɗan unguwa ne, ɗan gwangwan da ya auna ya biya ɗan gari ne, motar da ta ɗauka kuma ta wuce shingaye da yawa kafin ta isa inda za a narka shi. Haka nan masu gina shaguna da gidaje a kan filin layi ba baƙi ba ne, kuma kowane gini da aka kafa a wurin wata diyya ce da wata shari'a da za su jinkirta gyara in ranar ta zo.

Na san akwai masu cewa ina rage wa layin Turawa daraja. Ba na musun amfanin da ya yi. Ya tayar da garuruwa irin su Kafanchan da Kaduna da Nguru, ya sauƙaƙa safarar goro daga kudu da shanu daga arewa, ya haɗa ƙabilu a unguwannin tasha, har ma daga cikin ma'aikatansa aka sami jagororin yajin aikin gama-gari na 1945 irin su Michael Imoudu. Amma duk wannan amfani ne da ya biyo baya, ba shi aka nufa ba, kuma rabon da yankinmu ya samu a ciki kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma masu ɗora wa mulkin mallaka laifin komai, su ma ban bi su ba, domin shekarun da muka yi muna mulkin kanmu sun riga sun zarce waɗanda Turawa suka yi a Bauchi, kuma a cikinsu ba mu ƙara wa Arewa maso Gabas wani babban layi ba bayan 1964.

Abin da ya fi damuna shi ne sababbin ayyukan ma tsohuwar taswirar suke bi. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, ana kuma aikin Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi, dukkansu masu faɗin milimita 1,435. Namu na gabas, daga Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon fiye da kilomita 1,400, an ƙaddamar da gyaransa a 2021 a kan tsohon faɗinsa na milimita 1,067, kuma ɓangaren da aka fara buɗewa shi ne na Fatakwal zuwa Aba, wanda bai wuce kilomita sittin da 'yan kai ba. Siririn layi a kan kansa ba abin kunya ba ne, Afirka ta Kudu tana jan manyan kaya a kan irinsa, Japan ma tana amfani da shi. Matsalar ita ce rabuwa. Idan yamma ta koma faffaɗan layi gabas ta zauna a kan siriri, to taragon da aka loda wa siminti a Ashaka ko masara a Gombe ba zai iya hawa sabon layin Kano ko Legas ba sai an sauke an sake lodi, wato daidai wahalar da aka sha a Zariya da buhunan kuza, wadda tana cikin abubuwan da suka kashe wancan ƙaramin layi. Ba daidai ba ne a san wannan tarihi sannan a sake gina shi da kuɗin bashi.

Kayan da za su riƙe layi kuwa muna da su, ba sai an ƙirƙiro ba. Kamfanin siminti na Ashaka yana aiki tun 1979 a gefen layin nan, ana haƙar kwal a Maiganga, kasuwar hatsi ta Gombe tana ciyar da jihohi da yawa, tirelolin shanu kuma suna kwana da kwanaki a hanya kafin su isa kudu, dabbobi suna ramewa, wasu suna mutuwa a tsaye. Duk wannan nauyi a kan kwalta yake sauka, shi ya sa hanyar Bauchi zuwa Gombe da ta Gombe zuwa Yola ba sa daɗewa bayan gyara, shi ya sa kuma muke yawan zuwa jana'izar waɗanda manyan motoci suka rutsa da su.

Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da wakilanmu a majalisa da gwamnoninmu za su sauya abin da suke nema. Gyaran tsohon layi wajibi ne, kuma ya kamata a fara shi daga wannan ƙarshen ma, kada a ce sai aiki ya taso daga Fatakwal ya iso mu, domin mun ga yadda kilomita 130 ta ɗauki rabin ƙarni. Amma kada buƙata ta tsaya nan. A nemi layin da zai haɗa Gombe ko Bauchi da Kano kai tsaye, da wanda zai tashi daga Gombe ya bi ta Numan zuwa Yola da Jalingo, kuma a nemi a rubuta a fili irin faɗin da za a yi su da yadda za su haɗu da na yamma. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da iko a kansu, don haka jihohi ba su da sauran uzurin cewa ba huruminsu ba ne. Jiha ɗaya ba za ta iya ba, amma jihohi shida na wannan shiyya suna da zauren gwamnoni, akwai kuma hukumar raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017. Ko ba su da kuɗin shimfiɗa ƙarfe, suna da ikon biyan kuɗin safiyo, su fitar da hanyar da layi zai bi, su keɓe filin da doka tun kafin a cika shi da gine-gine, su kuma sa masu unguwanni da dagatan da tsohon layi ya ratsa ƙasarsu su riƙa ba da rahoton kowane ƙarfe da aka kwance.